Bijimin da Baba Ya Koya wa Kwanciya

Matan da suka zo mana gaisuwa ranar da Baba ya rasu, kusan kowacce sai ta saci kallon ƙofar baya kafin ta nemi wurin zama. Ta ƙofar nan ake fita garkar Baba, ta nan kuma hucin bijiminsa yake shigowa har tsakar gida. Sai su durƙusa gaban Inna su ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Daga nan su matso kusa da ni, su rage murya.

"Wai da gaske san nan ne ya take shi?"

Na ce a'a har bakina ya gaji. Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba da ta taso daga Bunkure, ko rage muryar ba ta yi ba. Tana share hawaye da bakin mayafi tana cewa, "Shekara huɗu ina yi masa magana. Mutum ya tsufa ya rasa abin reno sai wanda zai ga bayansa!" Mijina yana cikin waɗanda suka yi wa Baba wanka, ya rantse ko ƙwarzane bai gani a jikinsa ba. Amma magana zarar bunu ce. Kafin la'asar har masu kwandunan tumatir a bakin titi sun ji cewa sa ya kashe wani tsoho a bayan kanal ɗin ban ruwa.

Mutum ɗaya ne ya faɗi wani abu daban, wani dattijon Bafillace, abokin Baba. Da ya gama gaisuwa a waje sai ya roƙi a kai shi garkar. Ya daɗe tsaye dogare da sandarsa, yana kallon bijimin yana zagaye cikin shingensa yana tonon ƙasa. Can ya ce wa mijina, "Wannan ba faɗa yake nema ba, mutum yake nema. Amma ku yi hankali. Ranar da ya gaji da nema, ba zan so a ce ina kusa ba."

Ni surukar Baba ce, matar ɗansa na biyu. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan ban taɓa kama sunansa ba, ba kuma yau zan fara ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ina tsoron 'ya'yana su tashi abin da za su riƙa ji game da kakansu kawai shi ne tsohon da sa ya kashe. Ba haka aka yi ba, kuma ina wurin.

Baba ya yi aikin buɗe ƙofofin ruwa na kanal har ya yi ritaya. Da 'ya'yansa suka ɗauke masa cefane sai ya koma bayan gida ya kewaye 'yar garka, wadda in ka tsaya a wannan bakin kana iya hira da na wancan bakin. Mangwaro biyu, zogale, 'yan kunyoyin alayyafo, agwagi, awaki uku, da wani tsohon jaki da ya daina aiki tun kafin a kawo ni. Ba don kasuwa yake yi ba. Ko'ina ka duba mutane na tsere da shinkafa da albasa, shi kuwa yana noman harawa don jakin da ko buhu ba ya ɗauka. In an yi masa tsiya sai ya ce, "Ku kuna noma ku ci, ni ina noma a ci." In kuma ya ga ana jan akuya tana turjewa, ya ce, "Ruwa ma ba a tura shi, hanya ake yi masa."

Saboda kunyar da ke tsakaninmu ba ya yi mini magana kai tsaye. Ta bakin dabbobi yake aiko mini da saƙo, ina tsaye ina ji. "Ke akuya, ki faɗa wa Amarya miyar jiya ta yi daɗi." Amarya yake ce mini har na haifi uku. Lokacin da na yi ɓari, da safe na jiyo shi ta bayan taga yana ce wa jaki, "Ka gaya wa mutanen gidan nan, duk wanda na ga ya bar Amarya ta ɗebo ruwa wannan watan, ni da shi ne."

Bijimin ya zo mana ne ta ruwa. Wasu masu kora shanu kasuwa ne suka matsa masa da duka a kan gada, ya faɗa babban kanal. Gefen kanal siminti ne mai santsi, dabba ba ta iya fita da kanta. Da suka ja shi da igiyar hanci sai hancin ya yage, da ya samu ƙasa kuma ya tunkuyi mutum ɗaya ya karya masa haƙarƙari. Har an aika kiran mahauci Baba ya iso. Ya ba da ragunansa biyu da ya turke, aka bar masa shi. Maza takwas suka kawo shi da igiyoyi, jini na zuba daga hancinsa, idanunsa jawur. Baba ya sa masa suna Baƙo.

Sa mai yagaggen hanci ba shi da linzami. Ba inda za ka kama ka juya shi. Kowa ya faɗa wa Baba haka, ya ce ya ji.

Abin da na ga ya yi shi ne, kullum da safe ya ɗauki 'yar kujerarsa ya zauna a wajen shinge, ya juya wa bijimin baya, yana jan carbi ko yana gyaran kwando. Ko kallonsa ba ya yi. Baƙo ya yi huci, ya kai wa itacen shinge karo har ƙasa ta girgiza, Baba ko gezau. Sati uku ana haka. Daga nan ya fara matsar da kujerar taku ɗaya kowace rana. Duk sa'ad da bijimin ya yi shiru ya sauke kai, sai Baba ya yi wata 'yar ƙara da harshe ya jefa masa ɓawon kankana. In ya yi hauka, ba tsawa ba sanda, sai kawai Baba ya tashi ya tafi da ɓawonsa. Kuma ba ya daɗewa. Yakan ce, "Ka tashi tun yana sonka, gobe shi zai jira ka." Ranar da ya fara shiga cikin shingen, Inna ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce ba za a yi a gabanta ba. Kafin shekara ta zagayo, Baba yana tafe a bakin ƙaramin kanal hannunsa a baya, Baƙo na biye da shi ba igiya, mutane suna kaucewa cikin gonaki.

Inna ce ta ba ni labarin abin da ya mai da Baba haka, wata rana muna gyaran zogale. Ta ce da ƙuruciya, kafin ya samu aikin ruwa, huɗar shanu yake yi wa mutane, kuma ba wanda ya kai shi zafin hannu. Wata rana sansa ɗaya ya kwanta a tsakiyar gona ya ƙi tashi. Ya yi ta dukansa, ya murɗe masa wutsiya, har barkono ya sa masa a ido. San bai tashi ba, sai yanka shi aka yi a wurin. Da aka feɗe aka tarar cikinsa duk ya ruɓe da ciwo. "Kwana uku bai ci tuwo ba," in ji Inna. "Ya ce mini, ashe ba taurin kai ba ne, gaya mini yake yi ban ji ba. Kada ki nuna masa kin sani."

Faɗa ɗaya na taɓa gani Baba ya yi, shi da Yaya, babban ɗansa. Yaya ya shanya albasarsa a bayan gida, Baƙo ya zura kai ta shinge ya watsa ta ya tattake wadda ya samu. Baba ya tafi masallaci. Yaya ya ɗauki guntun tiyon injin ban ruwa, ya tsaya ta waje ya yi ta zabga masa a fuska, har kan tabon hancin. Da Baba ya dawo ya ga shatar dukan, sai ya juya wajen Yaya.

"Sau nawa ka buge shi?"

Yaya ya ce, "Baba, ban ƙirga ba."

"Shi ya ƙirga."

Yaya ba mugu ba ne, kuma ranar ya faɗi abin da ke cin kowa. "Baba, gidan nan da yara. Kai kuma ƙarfinka ba kamar da ba. Wata rana za mu shigo mu tarar da abin da ba ma so."

Baba ya ce, "Abin da ba kwa so ai yana tafe, da sa ko ba sa. Kai dai daga yau kada ka ƙara zuwa kusa da shingen nan. Ba fushi na yi ba, ranka nake ji wa."

Haka kuwa aka yi. Tun daga ranar, ko muryar Yaya ya jiyo daga zaure sai Baƙo ya daina tuƙa, ya ɗaga kai, ya kafe ƙofar baya da ido.

Bayan daminar bara ƙafafun Baba suka fara kumburi. In ya taka daga ɗaki zuwa garka sai ya dafa mangwaro ya huta, numfashinsa na fita da ƙyar. Aka kai shi asibiti a birni aka dawo da ƙwayoyi, yana sha, kumburin na sauka yana dawowa. A lokacin ne wata safiya na ji ya ce, "Baƙo, faɗa wa Amarya yau ita za ta kawo maka dusa da hannunta."

Ni ko akuya mai ƙaho ina kaffa-kaffa da ita. Mijina ya ce in dai Baba ne ya ce, in je. Yaya da ya ji ya ce wannan wane irin abu ne, mace a shingen sa? Inna ta ce masa, "Ubanka ne ya kira ta. Je ka tambaye shi." Bai je ba.

Yadda Baba ya bi da bijimin haka ya bi da ni. Satin farko daga nesa nake ajiye kwano in koma. Sai ya ba ni tsohuwar hularsa ya ce in riƙa riƙewa a hannu don Baƙo ya ji warin jikinsa. Sai na koyi ƙarar harshen. Sai ranar da na taɓa wuyansa, na ji zafin jikinsa da motsin naman ƙarƙashin fata, na san in ya juya kai sau ɗaya ya gama da ni. Baba yana zaune a kujerarsa yana cewa, "Baƙo, gaya mata ta riƙa magana. Ko mene ne. Shiru shi yake ba ka tsoro."

Daga nan ya shiga koya masa wani abu sabo. A taɓa masa gwiwar gaba sau biyu a ce, "Kwanta." Wata guda kafin ya gane. Da ya iya, sai Baba ya ƙi ba shi ɓawon kankana sai in ya miƙe sosai a gefensa na hagu. Da ya iya wannan, sai aka fara zagaya masa igiya a ƙafafu sako-sako a kwance. Sannan tsumma a kan ido. Ni nake yi, Baba yana faɗa. Na ɗauka don allura ne ko gyaran kofato. Sai wata rana na lura duk inda bijimin ya so kwanciya, Baba sai ya sa na juyo da shi har wuyansa ya kalli gabas.

Ranar na ajiye kunya. Na durƙusa na ce, "Baba, me ake shiryawa?"

Bai kalli bijimin ba, ni ya kalla. Shi ne karo na farko da ya yi mini magana ba ɗan aike.

"Amarya, zauna. Kin ga ƙafafun nan, ba za su kai ni wata daminar ba. In na tafi, sayar da shi za a yi. Wanda ya saya ba shi da hancin kamawa, sanda zai ɗauka. Ko ya kashe wani, ko a kashe shi da wahala, wataƙila duka biyun. Na gaya wa Liman da Innarku, in na riga shi, ran bakwai a yanka shi a raba wa maƙwabta. Amma ba na so a ja shi. Da ƙafarsa nake so ya je, ya kwanta da kansa, kada ya san komai."

Na ce, "To Baba, me ya sa ni?"

"Mijinki kullum yana birni. Yayansa kuwa kin san abin da ke tsakaninsu. Ke kuma kina tsoronsa. Mai tsoro ba ya garaje."

Cikin zafin bazara abin ya zo. Da hantsi na ji agwagi na ta kuka a akurkinsu, ba a buɗe musu ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Na leƙa. Baba yana cikin shinge zaune a ƙasa, ya jingina da gindin mangwaro, kansa ya langaɓe a kafaɗa. Baƙo yana tsaye a kansa. Na ƙwala kira, maza suka taru, amma duk wanda ya kusanci shingen sai bijimin ya sunkuyar da ƙaho. Yaya yana kuka yana cewa a kawo sanduna. Ban san lokacin da na shiga ba. Na yi ƙarar harshen, na ja shi can ƙarshen shinge da ɓawon kankana, na tsaya ina yi masa surutu har aka ɗauke Baba. Waɗanda suka leƙo ta kan danga suka ga sa a kan gawa, daga nan maganar ta samo asali.

Kwana shida na zaman makoki, Baƙo ba ya cin komai sai daga hannuna, shi ma kaɗan. Ya rame, idonsa ya koma irin na ranar da aka kawo shi. Sau biyu ya karya itacen shinge. Iyaye suka hana 'ya'yansu bin hanyar bayan gidanmu.

Ran bakwai da sassafe Yaya ya zo da maza shida da igiyoyi masu kauri. Ya yarda da wasiyyar, yadda za a yi ne bai yarda ba. Na tsaya a ƙofar baya, na ce, "Yaya, don Allah a ba ni dama. In kuka shiga da igiyoyin nan, yau sai an yi wata jana'izar."

"In ya kashe ki fa? Me zan ce wa iyayenki?"

Inna ta yi magana daga ɗakin takaba. "Abin da mai shi ya ce shi za a yi. Ku koma zaure, kai ma kada ya ji muryarka."

Na buɗe shingen. Na yi gaba, ya biyo ni, hucinsa na taɓa bayana. Muka bi bakin ƙaramin kanal zuwa gindin wata tsamiya inda Liman da mijina suke jira. Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Na bar shi ya sha ruwa ya ƙoshi. Na juyo da shi gabas, na taɓa gwiwarsa sau biyu. Ya yi jim, sannan ya durƙusa, ya kwanta, ya miƙe a hagunsa.

Ina cikin zagaya igiya sai mahaucin da zai yi fiɗa ya matso don ya taimaka. Rigar aikinsa ce a jikinsa. Iska ta kwaso warin jini. Baƙo ya fizge kai ya yunƙura, ƙahonsa ya tsaga mini hannun riga ya yanke ni a damtse. Ya tsaya a kan gwiwoyinsa yana huci, idonsa a kaina. Mijina ya ce, "Gudu!" Na san in na juya baya shi ke nan. Na ce, ba tare da na ɗaga murya ba, "Malam, koma baya. Koma can bayan iska." Sannan na ci gaba da magana. Na gaya masa an buɗe wa agwagi, jaki ya ci harawa, Gwaggo gobe za ta koma gida, ƙaramata ta fara haƙori. Duk abin da ya zo bakina. Jini na bin gwiwar hannuna yana ɗiga a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. A hankali hucin ya ragu. Na miƙa hannu na taɓa gwiwarsa sau biyu.

Ya kwanta.

Na rufe masa ido da tsumma, mijina ya ƙarasa ɗaurin. Liman ya zagayo ta baya, wuƙarsa a ɓoye cikin hannun riga. Na ɗora tafina a goshin Baƙo na rufe nawa idon, ban daina magana ba har na ji bisimilla.

An raba naman gida-gida, har rugar dattijon Bafillacen an kai. Ni ban iya ci ba.

Da yamma ina zaune a ƙofar ɗakina an ɗaure mini damtse, sai Yaya ya shigo. Ya tsaya nesa kaɗan, yana kallon ƙasa.

"Sannu. Da bai koma ya kwanta ba fa?"

"Da ya kashe ni, Yaya."

"Kin san haka kika je?"

"Na sani."

Ya ce, "Shi ma Baba ya sani ke nan."

Gaskiya ya faɗa. Baba ya san abin da yake ɗora mini, ya auna, ya ga zan iya, ya kuma san awo yana iya kuskure. Akwai ranakun da nake jin ba wanda ya taɓa girmama ni kamar yadda ya yi. Akwai kuma ranakun da nake kallon 'ya'yana uku suna cin abinci, in taɓa tabon hannuna, in ji zuciyata ta yi nauyi a kansa. Duka biyun gaskiya ne, kuma na yafe masa tun ranar.

Ya Allah, bawanka ne da ya taɓa zaluntar dabba ya yi ta neman gafararka sauran rayuwarsa. Ka tausasa masa kwanciyarsa, ka kau masa da firgita, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.